Garin da Ake Nuna Muku a Fim da Garin da Aka Kafa Kyamara

Babu jihar Alfawa a taswirar Nijeriya. Duk wanda ya bi shirin Kwana Casa'in tun da tashar Arewa24 ta fara haska shi a 2019 ya san gidan gwamnatin Alfawa da asibitinta da 'yan siyasarta, ya san Gwamna Bawa Maikada kamar da shi aka yi yaƙin neman zaɓensa, amma jihar a kan takardar marubuta kawai take. Haka ma garin Daɗin Kowa. Gaskiya ne akwai Daɗin Kowa a jihar Gombe, mai madatsar ruwa, akwai kuma unguwa mai wannan suna a Jos, sai dai garin su Malam Nata'ala da Kamaye da Adama ba ya cikin biyun. Ƙirƙirar sa aka yi, sannan aka nemo masa gidaje da lunguna da teburin mai shayi a ƙasar Kano.

Kowane fim mai dogon zango garuruwa biyu gare shi. Akwai garin da labari ya ce a nan abin ke faruwa, akwai kuma wurin da aka kafa kyamara aka ɗauka, wanda 'yan fim ke kira lokeshin. Wani sa'in su biyun wuri ɗaya ne, amma galibi daban suke. Mutumin Madobi ko Kura ko Bunkure da ke kallo a gidan kallo, ko a wayar da aka tura masa sabon kashi a shagon caji, ya kamata ya san wannan bambanci. A tsakanin garuruwan nan biyu ake yanke shawarar inda kuɗin aiki za su zuba, da mutanen da duniya za ta ga rayuwarsu, da waɗanda ba za a ko ambace su ba.

Amurkawa sun daɗe a wannan sana'a, kuma shirye-shiryensu da matasanmu suka haddace tun zamanin faifan CD sun isa misali. Ga Prison Break, wanda ya fara fita a 2005. Gidan yarin Fox River da Michael Scofield ya fasa babu shi a duniya. Wani tsohon kurkuku ne a garin Joliet, kusa da Shikago, wanda aka rufe tun 2002, masu shirin suka shiga suka yi aikinsu a ciki. Daga zango na biyu sai suka kwashe kayansu suka koma yankin Dallas a jihar Teksas, kuma a can ɗin aka ɗauki mafi yawan zango na uku, wanda labari ya ce a ƙasar Panama yake faruwa. Da labarin ya kai Yaman a zango na biyar, Maroko da Kanada ne suka tsaya a madadinta. Shi ma 24 na Jack Bauer, zangonsa na takwas an ce a Niyok ake ta gudu da harbe-harbe, alhali a Los Anjalas aka ɗauki kusan komai. Har wata ƙasar Afirka suka ƙirƙira mai suna Sangala, aka je Afirka ta Kudu aka ɗauke ta.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ana fara nuna maka dogayen benaye da gadoji na 'yan daƙiƙu, sai ranka ya riga ya yarda cewa a wannan birni kake. Daga nan sai a shiga da kai cikin ɗaki, wanda zai iya kasancewa ko'ina. Shirin barkwancin nan Friends, da aka yi shekara goma ana nunawa daga 1994 zuwa 2004, duk duniya ta ɗauke shi shirin Niyok, amma a cikin wani katafaren zauren ɗaukar fim na kamfanin Warner Bros. a Burbank ta jihar Kalifoniya aka yi shi, tazarar kusan kilomita 4,000 daga birnin da yake ba da labarinsa. Suits kuwa, na lauyoyin Niyok, a Toronto ta Kanada aka ɗauke shi. In kun lura, abin da daraktocinmu ke yi ke nan idan suka tashi ƙaramin jirgin nan mai kyamara ya zagaya saman gadar Ƙofar Nasarawa ko Dutsen Dala, sannan a yanke a shiga falon Alhaji. Ba yaudara ba ce, ƙa'idar sana'ar ce, kamar yadda mai tatsuniya ke cewa wani gari ne mai nisa ba tare da kowa ya nemi ya nuna hanyarsa ba.

Me ke raba labari da garinsa? Na farko dai iko da wuri. Mai ɗaukar fim yana son ya mallaki haske da sauti da lokaci. Titin gaske ba ya jin umarnin darakta: mota za ta yi ham, ruwa zai sauko, 'yan kallo za su leƙo. Na biyu ma'aikata. Inda masu kyamara da masu haske da masu kwalliya da kafintoci suke zaune, nan ya fi araha a yi aiki, don ba sai an biya musu mota da masauki ba. Na uku, wanda ya fi ƙarfi a 'yan shekarun nan, shi ne rangwamen haraji.

Wannan na uku ya cancanci a tsaya a kansa. Jihohin Amurka gasa suke yi wajen janyo masu fim. Tun 2008 jihar Jojiya ke ba da rangwamen da zai iya kai kashi 30 cikin 100 na abin da kamfani ya kashe a cikin jihar, kuma kashi 10 daga ciki ladan manna tambarin jihar ne a jikin fim ɗin. Breaking Bad, wanda aka nuna daga 2008 zuwa 2013, da farko a Riverside ta Kalifoniya marubucinsa Vince Gilligan ya ajiye labarin. Rangwamen jihar New Mexico ne ya ja aikin zuwa birnin Albuquerque, shi kuma marubucin, maimakon ya ɓoye inda yake, sai ya mayar da labarin kacokan na garin. Hamadar wurin da faɗin sararin samaniyarsa suka zama rabin kyan shirin. Shi kuwa birnin Niyok tun 1966 magajin garinsa John Lindsay ya buɗe ofishi na musamman don mai fim ya karɓi izininsa a wuri ɗaya, ba sai ya bi ofis-ofis ba. Masana tattalin arziki na can har yanzu suna jayayya a kan ko abin da jiha ke yafewa yana dawo mata, kuma akwai binciken da ya nuna ba ya dawowa duka. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne aikin yana bin inda aka sauƙaƙa masa.

Akwai kuma shirye-shiryen da ba za su yiwu a wani gari ba sai nasu. Babbansu a wurina shi ne The Wire, wanda tashar HBO ta nuna daga 2002 zuwa 2008, kashi 60 cikin zango biyar, an ɗauke shi a titunan Baltimo. Wanda ya ƙirƙire shi, David Simon, ya yi shekaru yana ɗauko wa jaridar Baltimore Sun labaran laifuka. Abokin aikinsa Ed Burns tsohon ɗan sandan bincike ne a garin, daga baya ya koma koyarwa a makarantar gwamnati. Kowane zango suka ɗauki wani sashe na birnin suka buɗe cikinsa: cinikin ƙwaya a lungu, 'yan dako a tashar jiragen ruwa, siyasar ofishin magajin gari, makarantu, sai gidan jarida. Sun sa 'yan garin da dama a ciki, har da waɗanda ba su taɓa yin fim ba. Magajin garin na lokacin, Martin O'Malley, bai ji daɗin hoton da aka nuna na birninsa ba, kuma bai ɓoye ba. Wannan ma darasi ne: garin da ya karɓi kyamara ba shi ke zaɓen abin da za ta gani ba.

Amfanin da gari ke samu na gaske ne, wahalarsa ma haka. Senoia ƙaramin gari ne a Jojiya da kasuwarsa ta yi sanyi, sai ɗaukar The Walking Dead ta cika shi da baƙi da sababbin shaguna. A Albuquerque kuwa, masu gidan da aka nuna a matsayin gidan jarumin Breaking Bad sai da suka kewaye shi da shingen ƙarfe a 2017, saboda masoya shirin sun hana su sakat, wasu har suna jefa abinci a saman rufin don kwaikwayon wani wuri a fim ɗin. An gama shirin da shekaru, masu gida ba su gama biyan kuɗin shahararsa ba.

To mu dawo gida. Wasan kwaikwayon talabijin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manya suna tuna Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da Kuliya a talabijin ɗin Kano, da wasannin tashar CTV 67 da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan kasuwa ta buɗe, Ƙofar Wambai ta zama cibiyar dillancin kaset sannan faifai. Satar fasaha da tura fim a waya suka kashe waccan kasuwar. Abin da ya tashe ta shi ne dogon zango. Arewa24 ta fara aiki a 2014, da tallafin farko daga ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access, kuma Daɗin Kowa ya zama shirinta na farko da ya shiga kowane gida, har ya ci kyautar AMVCA a 2016. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya biyo baya. A 2020, shekarar kullen korona, Izzar So na Lawan Ahmad ya kama YouTube, Labarina na Aminu Saira ya kama talabijin da YouTube gaba ɗaya. Tun daga nan kusan kowane furodusa ya koma dogon zango.

Wannan sauyi ya taɓa batun lokeshin kai tsaye. Fim na da, a 'yan kwanaki ake ɗauke shi a watse, saboda haka ana iya kwasar jama'a a tafi nesa. Dogon zango kuwa mako-mako ake jiran sa, kuma gidan da aka nuna a kashi na ɗaya dole a same shi yadda yake a kashi na talatin. Jaruman galibi a Kano suke zaune, wani yana cikin shiri uku ko huɗu a lokaci guda, da safe yana wannan aiki da yamma yana wancan. Ofisoshin sana'ar da ɗakunan tace hoto da sauti sun taru ne a wajajen Titin Gidan Zoo. Kuɗin kuwa daga tallan kamfanoni suke fitowa, da abin da tasha ta saya, da kason da YouTube ke biya, wanda shi ne kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka saka a bidiyo. Kuma tallan da mai kallo a Nijeriya ya gani bai kai darajar wanda mai kallo a Saudiyya ko Turai ya gani ba. Wanda ke lissafi da irin wannan kuɗi, duk kilomita ɗaya da zai ƙara a kan motar ma'aikata sai ya auna ta.

Shi ya sa gida mai katanga a Nasarawa ko wata sabuwar unguwa ya zama gidan kowa a fim. Akwai janareta, babu ƙarar adaidaita sahu, maigadi zai tare yara a ƙofa, ana iya ɗaukar fitowa goma a rana ba a motsa mota ba. Daga nan sai abu ya juye: maimakon labari ya nemi wuri, sai wuri ya fara haifar da labari. In falo kake da shi da ofis da mota, to labarin falo da ofis da mota za ka rubuta, wato rikicin gado, kishi, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, makircin kamfani. Ba na raina waɗannan labarai. Wasunsu an rubuta su da gwaninta, kuma jama'a ba sa bin abin da bai taɓa ransu ba. Amma ko Kano ɗin da ake cewa ana nunawa, kaɗan daga cikinta ake gani. Kantin Kwari da Kurmi da Dawanau da marinar Ƙofar Mata, inda birnin ke neman abincinsa, sun fi fitowa a hoton sama na 'yan daƙiƙu fiye da cikin labari.

In haka birni ya samu, ina ga karkara? A mafi yawan shirye-shiryen, ƙauye wuri ne da ake barowa. Daga can ake ɗauko 'yar aiki, can ake zuwa wurin boka, can ake mayar da wanda ya talauce, kuma mutumin can shi ne wanda zai shigo falo ya yi abin dariya. Wannan hoto yana yi mini ciwo, don bai yi kama da ƙasar da ke kudu da Kano ba ko kaɗan. Kuma ba don yankin ya rasa masu fasaha ba. Baba Ɗan Audu na Labarina, wanda ya fi kowa iya sa mutum dariya da takaici a lokaci ɗaya, Rabi'u Rikadawa ne ya fito a matsayinsa, sunan da yake amsawa kuwa na gari ne a ƙaramar hukumar Madobi.

Ku dubi abin da ke shimfiɗe a nan, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Titin Gidan Zoo. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974, tana riƙe ruwan da ya kusa mita kubik biliyan biyu. Daga ita babban kanal ya taso, ya rarrabu zuwa ƙanana, ya shayar da gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura ba tare da inji ba, gangara kawai. Kashin farko na aikin ban ruwan an tsara shi ne a kan hekta kusan 22,000, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Manoman Madobi da ke maƙwabtaka, masu noman bakin kogi da rijiyar burtsatse da injin ban ruwa, kasuwa ɗaya suke ci da su, farashi ɗaya ke ɗaga su ya kayar.

Duk abin da marubucin dogon zango ke nema yana cikin ruwan nan. Mai gona a bakin kanal yana sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi yana jiran abin da ya rage, wani lokaci sai cikin dare yake samun rabonsa, kuma su biyun wataƙila 'yan ɗaki ɗaya ne da aka raba wa gadon uba. Akwai shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa da ke tsakanin jami'in hukuma da 'yan'uwansa. Akwai wanda ya ba da gonarsa jingina don aurar da 'ya, shekara ta zagayo bai iya fansa ba. Akwai 'yan ci-rani da ke zuwa dashe da yankan shinkafa, da matan da ke turara shanshera a cikin gida su aika injin casa a Kura, waɗanda jarinsu ke riƙe da gidaje da yawa ba tare da an taɓa jin sunansu ba. Akwai kacala da ke toshe hanyar ruwa, da jan-baki da ke sauka a gona kwana kaɗan kafin girbi. Can ƙasa kuma akwai mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliya da ƙarancin ruwansu duka suna da alaƙa da abin da aka yi a madatsun Tiga da Challawa.

Tumatir kaɗai ya isa zango guda. Manomi ya yi wata uku yana ban ruwa da feshi, kaya su nuna a lokaci ɗaya da na kowa, a taru a kasuwar Kwanar Gafan, dillali ya faɗi kuɗin kwando, motar Legas tana jira, tumatir kuma ba ya jiran gobe. A 2016 ƙwaron nan Tuta absoluta, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa Ebolar tumatir, ya cinye gonaki cikin 'yan kwanaki. A shekarar ce kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa, wanda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, ya fara aiki, kuma tun daga lokacin ya sha tsayawa saboda rashin isassun kaya da saɓani kan farashi. Rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ya ɗaga darajar shinkafar gida, injinan Kura suka yi ta aiki dare da rana. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa mai injin ban ruwa ya koma lissafin gas da sola. Kowane ɗaya daga waɗannan hukunci ne da aka yanke a Abuja ko Legas, ya zo ya sauka a tukunyar wata mata a Kubaraci ko Kafin Agur. Irin wannan zare, daga ofishin manya zuwa lungun talaka, shi ne abin da masu The Wire suka bi har shirinsu ya yi suna. Sun iya bin sa ne don sun zauna a garin shekara da shekaru kafin su rubuta layi ɗaya. Marubucin da zai yi wa kanal adalci sai ya san bambancin ruwan safe da na dare, ko ya zauna da waɗanda suka sani.

An taɓa yunƙurin kawo sana'ar fim wannan shiyya da ƙarfin gwamnati. A 2016 Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ta sanar da shirin gina alƙaryar fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi naira biliyan 3. Malamai da dama suka yi suka a mumbari da rediyo, suna tsoron abin da wurin zai jawo wa tarbiyya, kuma ba a daɗe ba gwamnatin tarayya ta janye. Har yau ana muhawara a kan wanda ya yi daidai. Ni abin da na gani shi ne an sanar da aikin kafin a zauna da jama'a, kuma tsoron iyaye a kan 'ya'yansu tambaya ce da ke buƙatar amsa, ba a tsallake ta. Sai dai ɗaukar shiri a gari ba ya buƙatar alƙarya ta biliyoyi. Mota biyu ko uku ce, da janareta, da mutanen da za su ci abinci su sha ruwa su kwana.

Saboda haka wataƙila wata rana 'yan fim su yi sallama a ƙofar gidanku, in ma ba su riga sun yi ba, kuma gara a san abin da za a tambaya. A fara da sanin ko su wane ne. Jihar Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001, ita ke yi wa 'yan fim rajista, ita ke duba aiki kafin a sake shi. A watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, har da manya irin su Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakin su ba a kawo mata ta duba ba. Wanda ya zo da kyamara ya nuna shaidar rajistarsa, kuma ya bi ta hannun mai unguwa ko dagaci, kada a tashi da safe kawai a ga baƙi a bakin kanal.

Sannan a tambayi labarin. Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa, don ganin jarumin da aka saba gani a waya yana ɗauke hankali. Gidan nan, gidan wa zai zama a fim? Na malamin kirki ne, ko na mai satar mutane, ko na boka? Za a ambaci sunan garin, ko za a ba shi wani? Fim ɗin da aka ɗora a YouTube ba ya gogewa, kuma ƙofar gida da bishiyar da ke gabanta duk wanda ya san garin zai gane su. Mai gida yana da ikon ya ce a'a, yana da ikon ya ce a ɗauki zaure a bar cikin gida. Matan gida da yara ba kayan ado ba ne da ke zuwa tare da hayar wuri. Duk wanda fuskarsa za ta fito a nemi yardarsa, yaro kuma a nemi ta iyayensa, kuma kada ɗaukar ta ci lokacin makarantar boko ko ta allo.

Batun kuɗi a yi shi a rubuce, da shaidu, ko da rabin takarda ne. A faɗi kwana nawa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, wa zai sayi man janareta, wa zai gyara abin da ya lalace. Dogon zango yana da wani sirri da mai gida ya kamata ya riƙe: da zarar gidanka ya fito a kashin farko, su ne ke buƙatarka, domin ba za su iya canza gidan jarumi a tsakiyar labari ba tare da dalili ba. Don haka kada a yi jinga ɗaya ta har abada. A yi ta zango-zango, in za a dawo a sake zama. Gari kuma zai iya sa sharaɗin a sayi abinci a wurin matan garin, a ɗauki matasansa aikin dako da tsare hanya da fitowa cikin taro, a biya su a ranar.

Gona ta fi gida wuyar sha'ani. Lokacin da yankin ya fi kyau a ido, wato cikin sanyi, alkama ta yi kore shar, tumatir ya fara ja, ruwa na gudu a kanal, shi ne kuma lokacin da manomi ba ya da sa'a guda ta banza. Ma'aikatan fim suna zuwa da yawa, da wayoyin lantarki da ƙafafun kyamara, kuma wanda bai taɓa ban ruwa ba bai san cewa taka gefen fangali ɗaya na iya karkatar da ruwan rabin gona ba. A nuna musu inda za su taka tun kafin a sauke kaya, a sa wani ɗan gida ya tsaya tare da su, kuma kada a yarda a tsayar da ruwa ko a sake shi don kyan hoto in ranar rabon wani ce a ƙasa. In an yi ɓarna, a ƙiyasta diyya a kan abin da fangalin zai bayar ranar girbi, ba a kan kuɗin iri da taki kawai ba, kuma a rubuta hakan cikin takardar tun ranar farko.